Amurkawa sun adana kiɗan ƙauyensu, mu fa?

Kiɗan da Amurkawa ke kira "country" daga bakin manoma da makiyaya ya fito. A 1927 aka naɗi muryoyin Jimmie Rodgers da Carter Family a garin Bristol, yau birnin Nashville na cin arzikinsa. Banjon da suke kaɗawa ma tushensa Afirka ta Yamma ne, ɗan'uwan gurminmu.

Mu kuwa a Ƙonni, Malbaza da Illela, makaɗan noma masu zuga samari ranar gayya sun tsufa, 'ya'yansu sun tafi ci-rani. Gasar Ɗan Gurmu ta Tawa kaɗai ba za ta wadatar ba. Matasa, wayar hannunku ta isa ku naɗi dattawan nan. 'Yan'uwa mazauna waje, ku ɗauki nauyin aikin tun kafin gangar ta yi shiru.