Neman mai raino: ta hannun wa za a bi?

A garin Damagaram mata da yawa suna fita aiki kowace safiya: akwai malamar makaranta, akwai ungozoma, akwai sakatariya, akwai kuma mai rumfa a kasuwar Dole. Tun da aka buɗe jami'a a shekarar 2010, da matatar man fetur ta SORAZ a 2011, ma'aikata sun zo daga sauran jihohi da iyalinsu, ba kaka kusa, ba inna, ba gwaggo da za a bar wa jinjiri. Saboda haka magidanta suna tambaya: in za a ɗauki mai raino, shin a bi ta ofishin da ke sama wa mutane aiki, ko kuwa a ci gaba da yadda aka saba?

Wajibi ne mu fara da faɗin gaskiya game da yadda aka saba ɗin. Wanda yake cewa shi ba ya son ɗan tsakani ya manta cewa ɗan tsakani ya daɗe a cikin wannan sha'ani, ita ce dillaliya. Ita ke shiga ƙauyuka ta lallashi iyaye, ta zo da yarinya ƴar shekara goma ko goma sha biyu, ta kai ta gidan da iyayenta ba su taɓa gani ba. Ƙarshen wata ita ke zuwa karɓar kuɗin aiki da sunan za ta adana domin kayan ɗaki, kuma ba wanda ya san nawa ya isa ƙauye. In yarinya ta yi ciwo, ko aka buge ta, ko wani abu ya ɓace a gida, ba takarda, ba shaida, ba wurin kai ƙara. Uwar gida kuma ta ɗora jinjirinta a bayan wadda ita kanta ba ta wuce raino ba. Araha ba ta ado.

Mutanen wannan jiha sun san inda hanyar dillalan mutane take kaiwa. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawa 92 cikin hamada kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara, kuma da yawansu daga yankin Kance suka taso. A 2019 aka buɗe gidan karɓar waɗanda aka yi fataucinsu a nan Damagaram. Nisan tafiya ya bambanta, amma mafarin guda ne: wani ya karɓi ɗan talaka daga hannun iyayensa da alkawarin baki, ba wanda ya bincika.

Doka ba ta yi shiru ba. Dokar aiki ta ranar 25 ga Satumba 2012 ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 14 ba aiki. Dokar 16 ga Disamba 2010 ta tanadi hukunci a kan fataucin mutane. A 2017 gwamnati ta ɗauki ƙudurin riƙe ƴaƴa mata a makaranta har shekara 16. Albashi mafi ƙanƙanta, wanda yake sefa 30.047 tun 2012, an ɗaga shi zuwa jika 42. Ƙasarmu kuma ta amince a 2015 da yarjejeniya mai lamba 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta ce ofishin sama wa mutane aiki ba zai karɓi lada daga hannun mai neman aiki ba. Ashe abin da ya rage shi ne aiki da dokar.

To, ga ra'ayinmu. A bi ta hannun ɗan tsakani, amma wanda yake aiki a sarari: yana da mazauni da aka sani, yana da izinin hukuma, yana da littafin da yake rubuta sunan kowa. Allo da aka kafa a bakin ƙofa ba shi ne amana ba, domin akwai ofishin da dillaliya ce kurum ta sami tebur da tambari. Kafin magidanci ya ba da ko dala, sai ya nemi amsar tambayoyi huɗu. Shekarun mai rainon nawa, kuma ina takardar haihuwarta ko katinta na ɗan ƙasa? Wa ya san ta, wa zai tsaya mata? Albashinta a hannun wa zai shiga? In an sami saɓani, wa za a kira? Ofishin da ya yi nuƙu-nuƙu a kan ɗaya daga cikinsu, a bar shi.

A nan ne maganar ta shafi unguwar Kara-Kara. An kafa ta a shekarun 1970 domin a tsugunar da masu fama da kuturta, kuma tun daga lokacin sunanta ya zama tabo ga duk wanda aka haifa cikinta. Fim ɗin da Aïcha Macky ta fitar a 2021 mai suna Zinder ya nuna wa duniya matasanta marasa aiki da masu fasa dutse. Amma a cikin unguwar nan akwai mata manya, iyayen ƴaƴa, waɗanda suka goyi nasu suka yaye, suna neman aikin halal. Da zarar sun faɗi inda suke kwana, sai a rufe musu ƙofa, a aika ƙauye neman ƙaramar yarinya. Wannan tsoro ba shi da tushe. Kuturta ba gadonta ake yi ba, kuma tana warkewa: tun 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗin magungunan da ke kashe ƙwayarta, tun 1995 ana ba da su kyauta. Abin da matar Kara-Kara ta rasa shi ne mai tsaya mata. Ofishi na gaskiya, ko ƙungiyar mata da ke da rajista, tare da shaidar mai unguwa da takardar likita, za su iya zama mata wannan jingina, su kuma kwantar da hankalin uwar gida.

Wasu za su ce ƙaramin ma'aikaci ba zai iya biyan babbar mace cikakken albashi ba, balle ladan ofishi. Maganar tana da nauyi, amma tana da mafita. Ana iya shiryawa a kan rabin yini, daga fitar uwar gida zuwa dawowarta, mai raino ta koma ta kwana cikin iyalinta. Maƙwabta biyu suna iya haɗa hannu su ɗauki mace guda. Abin da ba shi da hujja shi ne a cire ɗiyar wani daga aji domin ɗiyarka ta sami mai goyo.

Muna kira ga hukumar ANPE da masu duba harkokin ƙwadago na jiha da su fitar da sunayen ofisoshin da ke da izini, a karanta su a rediyo da Hausa. Magajin gari da masu unguwanni su buɗe littafin rajista na masu neman aikin gida. Waɗanda suka iya karatu da rubutu kuwa, ga wurin da iliminsu zai yi amfani: takarda guda ta isa, a rubuta suna, da aikin da za a yi, da lokacin shiga da na tashi, da ranar hutu, da albashi, kowa ya sa hannu gaban shaidu biyu ya riƙe tasa. Ma'aikatan gwamnati su ya kamata su fara, su kuma sa sunan mai aikinsu a asusun CNSS, domin bai dace mai tsare doka a wurin aiki ya taka ta a cikin gidansa ba.

Amana biyu ce a gidan da aka ɗauki mai raino: ɗan da aka ba ta, da ita kanta da aka karɓa. Allah ya ba mu ikon riƙe su duka.