Kafin a biya kuɗin fitilar sola, a tambayi akwatinta

Duk wadda ta taɓa barin bokitin roba a tsakar gida ta san aikin rana: ya koɗe, ya bushe, wata rana a ɗauka ya tsage. Da roba ake rufe batirin yawancin fitilun sola masu araha da ake kafawa a garuruwa irin su Zakirai. Akwatin na tsagewa, ƙurar hunturu ta shiga, ruwan Agusta ya ƙarasa.

Mai kaya zai nuna maka tambarin IP65. To, wannan shaidar hana ƙura da ruwa ce kawai, babu ruwanta da rana. Gwajin rana daban yake. Bisa ƙa'idar ISO 4892, ana ajiye robar ƙarƙashin fitilu masu kwaikwayon hasken rana, ana gasa ta, ana fesa mata ruwa na ɗaruruwan sa'o'i, sannan a duba ko ta raunana.

Gwajin ba zai faɗi shekarun da akwati zai yi a zafin Afrilun Kano ba, amma yana tona asirin robar banza. A ganina, duk ƙaramar hukumar da za ta sayi fitila ta nemi takardar wannan gwaji kafin ta sa hannu.