Rumbun Bayanai: Na Kuɗi Ko Na Kyauta?

'Yan'uwana ɗalibai, lokacin furojek ya ƙarato, kuma gardamar da muka saba ta dawo ɗakunan kwana: a kan wane rumbun bayanai za a ɗora aiki? Wani ya ce in ba Oracle ko SQL Server ba, wasan yara ne. Ni kam ban yarda ba.

Da ina aji ɗaya, na sa wani kwafin sata a kwamfutata, wai don in koyi "na manya". Ana saura kwana uku in miƙa aiki ya ƙi buɗewa. Wallahi ranar ko abinci ban iya ci ba. Wani abokina ne ya ɗora mini PostgreSQL, kyauta, ba lasisi ba fargaba.

Kada a ce na kyauta ba shi da ƙarfi. PostgreSQL ya samo asali ne daga Jami'ar Berkeley a Amurka tun 1986. MySQL ya fito a 1995, kuma a 2008 kamfanin Sun ya saye shi a kan kusan dala biliyan ɗaya. Wa zai zuba wannan kuɗi a kan abin banza? Da Oracle ya tashi haɗiye Sun, sai Michael Widenius, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro MySQL, ya kwashi lambobin manhajar ya kafa MariaDB a 2009, kuma Wikipedia ta koma kansa. Kun ga amfanin buɗaɗɗiyar manhaja: ko an sayi kamfani, ba a sayi hannun jama'a ba. Amazon ma a 2019 ya sanar da kwashe harkar cinikinsa daga Oracle.

Gaskiya dai, masu sayarwa suna da hujjarsu. Banki ba ya son rumbunsa ya tsaya da tsakar dare ba wanda zai kira, shi ya sa yake biya. Mai neman aiki a can, sanin Oracle zai taimake shi.

Amma mu fa? Da dala ake biyan lasisi, kowa kuma ya san yadda naira take. Mai shagon magani ko makarantar unguwa da za mu rubuta wa manhaja gobe ba za su iya ba.

Shawarata: mu ƙware a SQL a kan PostgreSQL ko MariaDB, tunda tushen yaren ɗaya ne. Mai son ɗanɗana na kuɗi ya sauke SQL Server Express ko Oracle XE, halal ne kuma kyauta. Mu bar kwafin sata haka nan.