Cin ranin tsofaffin Turai: Yadda motocin 'yan fansho suka zama abin rigima a gaɓar teku

Da zarar watan Nuwamba ya kama, sanyi ya fara sauka a Jamus da Holan da arewacin Faransa, sai manyan hanyoyin da suka nufi kudu su fara cika da wasu fararen motoci masu kama da akwati. A gaba za ka ga dattijo mai furfura riƙe da sitiyari, uwargida na gefensa, an ɗaure kekuna biyu a bayan motar. A ciki akwai gado da murhun gas da firji da banɗaki da tankin ruwa.

Bahaushe ya daɗe da raɗa wa wayar hannu suna tafi-da-gidanka, amma a gaskiya wannan mota ce ta fi cancantar sunan. Masu ita galibi mata da miji ne da suka yi ritaya, 'ya'ya sun girma sun watse, sai su kulle gida su kama hanya. Tafiyar takan wuce kilomita 2,000 kafin su isa gaɓar tekun Sifaniya ko yankin Algarve da ke kudancin Fotugal. Wasu ba sa tsayawa nan, sai sun haye Maroko. Ba sa komawa gida sai wajen Maris ko Afrilu.

Cin rani ne sosai, sai dai masu yin sa ba neman kuɗi ya fito da su ba. Rana suke bi. Kuma abin da aka daɗe ana kallo a matsayin shaƙatawar tsofaffi, yanzu ya shiga zauren majalisu, ana kafa masa dokoki, ana cin tara a kansa.

Me ya sa suka yi yawa haka?

Jamus ce kan gaba. Motocin irin wannan da aka yi wa rajista a ƙasar sun kai kusan miliyan ɗaya, wato sun ninka abin da ake da shi shekara goma baya har da ɗori. Birnin Düsseldorf na karɓar baje kolinsu mafi girma a duniya a ƙarshen watan Agustan kowace shekara.

Abu biyu ne suka haɗu. Na farko, waɗanda aka haifa bayan Yaƙin Duniya na Biyu zuwa tsakiyar shekarun 1960, lokacin da haihuwa ta yi yawa a Turai, su ne ke barin aiki yanzu. Da yawansu sun gama biyan bashin gida, fansho na shigowa asusu kowane wata ba fashi, ga kuma sauran ƙarfi a jiki. Na biyu annobar korona ce. A 2020 da 2021, lokacin da aka rufe otal-otal kuma mutane ke gudun jirgin sama, mota mai gado da banɗakinta ta zama hanyar fita ba tare da cuɗanya da kowa ba. Kasuwar ta buɗe, har masu saye suka riƙa jiran watanni kafin a kawo musu mota.

Akwai kuma lissafin aljihu. Bayan Rasha ta mamaye Yukren a 2022, kuɗin gas da lantarki ya yi tashin gwauron zabi a Turai. Tsohon da zai ɗumama gida na wata huɗu a Jamus, idan ya auna, zai ga zaman mota a inda rana ke fitowa bai fi masa tsada ba, musamman idan ba ya biyan kuɗin wurin kwana.

A kan wannan maganar ta ƙarshe rigimar take.

Inda gizo ke saƙar

Motar na ɗaukar ruwa wajen lita 100. Tankin banɗakinta kuwa sai an juye shi duk bayan kwana biyu ko uku. Idan mota ɗaya ce ta kwana a bakin teku, ba wanda zai ce uffan. Idan hamsin ne suka yi sati uku a filin ajiye motoci na wani ƙaramin ƙauyen masunta, dole a tambaya ina suke ɗiban ruwa, ina kuma suke zubar da ƙazanta.

Manhajojin waya irin su Park4Night sun ƙara wa abin ƙarfi. A da, wanda ya gano wani lungu mai kyau a kan dutse yana kallon teku, shi kaɗai ya san shi. Yanzu zai ɗora hoto da taswira, kafin shekara ta zagayo wurin ya zama tasha.

Fotugal ce ta fara ɗaukar mataki mai tsauri. A watan Janairun 2021 ta gyara dokar hanya, ta haramta kwana a cikin irin waɗannan motoci a ko'ina in ba wurin da aka keɓe ba. Ƙungiyoyin masu motocin suka yi ca, ciki har da 'yan ƙasar. A watan Agustan shekarar majalisa ta sassauta: ana iya kwana har tsawon awa 48 a ƙaramar hukuma ɗaya, in dai hukumar ba ta hana ba. Amma haramcin ya ci gaba a yankunan da doka ta kare muhallinsu da kuma bakin teku. Tara na farawa daga yuro 60 zuwa 300, a wuraren da aka kare kuwa daga 120 zuwa 600.

Abin lura shi ne, wuraren da aka hana ɗin su ne ainihin waɗanda matafiyan suka yi doguwar tafiya dominsu. Gaɓar da ta tashi daga Sagres ta yi arewa, wadda ake kira Costa Vicentina, kusan dukkanta gandu ne da doka ta kare.

Sai kuma ruwa. A farkon 2024 madatsun ruwan Algarve sun ja baya ƙwarai, har gwamnati ta sanar da rage ruwan da ake bai wa manoma da na gidaje. Gaskiya ne cewa ruwan da mata da miji ke amfani da shi a mota bai kai na baƙo ɗaya a otal mai wurin ninƙaya ba, ballantana filayen wasan golf da suka cika yankin. Amma filin golf na bayan katanga, shi kuwa baƙon da ke cika jarkoki a famfon unguwa kowa na ganin sa. Wanda ya san yadda rigimar mashaya ke tashi tsakanin mazauna da masu wucewa ba zai yi mamaki ba.

Su ma suna da hujja

Babban ƙorafin 'yan kasuwa shi ne waɗannan baƙi ba sa kashe kuɗi. Sun zo da gadonsu da tukunyarsu, sayayyarsu a manyan kantuna masu rahusa, ba otal ba gidan abinci.

Wannan rabin gaskiya ce. Garuruwan bakin teku na cika maƙil a Yuli da Agusta, sannan su koma kamar an yi shara daga Nuwamba. A waɗannan watanni, mai gidan burodi da mai wankin kaya da bakanike da mai sayar da gas ba su da baƙon da ya wuce waɗannan tsofaffi. Ba sa kashe da yawa a rana, amma suna zama wata uku.

Faransa ta daɗe da gane haka. Ƙananan hukumominta sun gina dubban ƙananan tashoshi na musamman, inda mota za ta sha ruwa, ta zubar da ƙazanta, ta kwana a kan kuɗi kaɗan, wani wurin ma kyauta. Akwai kuma tsarin France Passion, inda manoma ke barin matafiya su kwana a gonarsu ba tare da biya ba, da fatan za su sayi cuku ko zuma ko kayan lambu. A ganina wannan ya fi tara amfani. Garin da ya kafa allon hani kawai, tura motocin yake yi zuwa garin da ke gaba, kuma tankin banɗaki ba ya jiran a gama muhawara.

Mota ɗaya, rayuwa biyu

Akwai wani ɓangare da ya sa lamarin ya fi ƙarfin maganar yawon buɗe ido. A tsibiran Mayorka da Ibiza na Sifaniya, kuɗin haya ya kai inda ma'aikatan otal da masu dafa abinci da direbobi ke kwana a cikin irin waɗannan motoci, domin albashinsu ba zai kama ɗaki ba. A 2024 dubban mutane sun fito zanga-zanga a tsibiran Kanari da Mayorka da birnin Barcelona kan yadda yawan baƙi ya sa gidaje suka gagari 'yan gari.

Don haka idan hukuma ta ce ba wanda zai kwana a mota, dokar ba ta san bambancin Bajamushen da ya bar gida mai ɗaki biyar ya zo shan iska da mai wanke kwanukan da ba shi da inda zai sa haƙarƙarinsa ba. Na farko zai tada mota ya ƙara gaba. Na biyu da safe aiki ke jiran sa a garin.

Dalilin haye wa Maroko

Tun da Birtaniya ta kammala ficewa daga Tarayyar Turai, daga Janairun 2021 'yan ƙasar ba su da izinin wuce kwana 90 cikin kowane kwana 180 a yankin Schengen, wanda ya haɗa da Faransa da Sifaniya da Fotugal. Ga mai hutun mako biyu wannan ba komai ba ne. Ga ɗan fanshon da ya saba kwashe hunturu gaba ɗaya a Sifaniya, an yanke masa zama. A da wani kan yi fatan jami'in kan iyaka ba zai ƙirga hatiman fasfo ba. Daga 12 ga Oktoban 2025 Tarayyar ta fara aiki da sabon tsarin da ke ɗaukar hoton fuska da zanen yatsu, kwamfuta ce ke ƙirga kwanakin.

Mafitar da da yawa suka samu ita ce jirgin ruwa daga Algeciras zuwa tashar Tanger Med, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba. Maroko na bai wa Turawa kwana 90 ba tare da biza ba, motar kuma na iya zama har wata shida. Kwanakin da ɗan Birtaniya ya yi a can ba sa shiga lissafin Schengen. Faransawa kuwa sun riga kowa sanin hanyar, saboda harshe bai zame musu matsala ba kuma fanshonsu ya fi auki a can. Daga Tanja sukan bi gaɓar Atlantika ta Asilah da Essaouira zuwa Agadir, kimanin kilomita 800, wasu su zarce Tiznit da Sidi Ifni, masu ƙarfin hali har Dakhla a yankin Yammacin Sahara da ake taƙaddama a kansa.

Maroko na maraba da su, amma ita ma ruwan ya yi mata ƙaranci. Fari na shekaru a jere ya rage dabbobin ƙasar har Sarki Mohammed na Shida ya nemi jama'a su haƙura da layya a 2025. Agadir, cibiyar waɗannan baƙi, ta dogara sosai da ruwan tekun da ake tacewa a wata masana'anta da ke Chtouka.

Tafiyar ma ba ta rasa haɗari. A Maris ɗin 2020, da Maroko ta rufe iyakokinta saboda korona, motoci masu yawa sun maƙale a arewacin ƙasar, tsofaffi na ciki, wasu da ciwon suga ko hawan jini, maganinsu na ƙarewa, suna jiran jirgin da zai mayar da su.

Kuma duk ɗan Afirka ta Yamma da ya dubi taswirar nan zai ga wani abu. Gaɓar da tsofaffin ke jera kujeru suna kallon faɗuwar rana, daga Tan-Tan zuwa Dakhla, tana cikin wuraren da kwale-kwalen 'yan ci-rani ke tashi da dare zuwa tsibiran Kanari. A 2024 sama da mutum 46,000 ne suka isa tsibiran ta teku daga gaɓar Afirka, adadin da ba a taɓa gani ba, ban da waɗanda ruwa ya ci. Su ma cin rani suka fita. Fasfon da ke aljihu ne ya bambanta.

Shin abin zai ɗore?

Masu ƙera motocin sun samu abin da suka daɗe suna nema. Lasisin tuƙi na gama-gari a Turai ya tsaya ne a kan mota mai nauyin kilo 3,500, kuma da an cika tanki an loda kaya, da yawa sukan haura ba su sani ba. A 2025 Tarayyar Turai ta amince da sabuwar dokar lasisi da za ta ba da damar tuƙa irin wannan mota har kilo 4,250 bisa wasu sharuɗɗa, sai dai ƙasashe na da 'yan shekaru kafin su aiwatar. A Birtaniya kuwa, lasisi na ƙarewa ne idan mutum ya cika shekara 70, sai ya riƙa sabuntawa duk shekara uku, kuma mai son ci gaba da tuƙa babbar mota sai likita ya duba shi.

Amma babbar barazanar ba a kan hanya take ba, a asusun fansho take. Wannan rayuwa na buƙatar mutum ya bar aiki da sauran lafiya, da gida nasa, da kuɗin sayen motar da sabuwarta ta kai dubban gomman yuro. Ɗan fanshon Najeriya da ke bin layin tantancewa yana jiran haƙƙinsa na watanni zai ji labarin kamar tatsuniya, to amma matasan Turai ma sun fara jin sa haka.

Jamus na ɗaga shekarun ritaya a hankali zuwa 67. Birtaniya za ta tashi daga 66 zuwa 67 tsakanin 2026 da 2028. A Faransa, yunƙurin Shugaba Emmanuel Macron na mayar da shi 64 daga 62 ya fito da miliyoyin mutane kan tituna a 2023. Denmak ta wuce kowa: a watan Mayun 2025 majalisarta ta amince a kai shi 70 nan da 2040. Ɗan ƙasar da aka haifa bayan 1970 zai karɓi fanshonsa na farko ne a shekarun da wasu ƙasashe ke fara tambayar ko idonsa na ganin hanya.