SHARHI: Fumfuna Da Lissafin Ribar Wiwin Magani

Tun a shekarar 2019, lokacin da marigayi Gwamna Rotimi Akeredolu na Jihar Ondo ya kai ziyara ƙasar Tailan don ganin yadda ake noman tabar wiwi ta magani, ake ta tafka muhawara a ƙasar nan a kan halatta wannan noma domin samun kuɗin musaya. Masu goyon baya suna nuni da Lesotho, wadda ta fara ba da lasisi a 1 ga jerin ƙasashen Afirka a 2017, sai Zimbabuwe a 2018, Malawi a 2020 da Maroko a 2021. Masu adawa kuwa, ciki har da shugaban Hukumar NDLEA, Janar Buba Marwa, wanda ya fito fili ya soki shawarar a 2021, suna duban illar da za ta yi wa matasa. Har yanzu dai noman haramun ne a dokar Nijeriya. To, amma akwai wani ɓangare na lissafin da ba a cika jin ɗayansu ya taɓo ba, wato fumfuna, wadda a ganinmu ita ke yanke hukunci a kan wanda zai ci riba da wanda jarinsa zai nutse.

Abin da ake sayarwa a wannan kasuwa furen macen shukar ne, wanda ke fitowa a cunkushe, ga danƙo, iska ba ta ratsa shi. Da zarar laima ta yi yawa a ɗakin noma, sai wata fumfuna mai launin toka da masana ke kira Botiraitis ta fara cin furen daga ciki. Kafin manomi ya ga alama a waje, tuni cikin ya ruɓe, kuma yawanci hakan na faruwa ne a makonnin ƙarshe, bayan an gama kashe kuɗin taki, lantarki da albashi. Akwai wata mai kama da barbaɗin gari a kan ganye, akwai Fusariyam mai kashe saiwa da kara. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne, manyan gonaki ba sa shuka iri. Reshe suke yanka daga uwa guda su dasa, don maganin ya fito da ƙarfi iri ɗaya. Saboda haka cutar da ta iya kama shuka guda, ta iya kama dubu goma da ke kusa da ita.

Mai karatu zai ce ai sai a yi feshi, kamar yadda ake yi wa tumatir. Nan ne gizo ke saƙa. Wanda zai sayi wannan kaya majinyaci ne, sau da yawa mai ciwon daji ko wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, kuma shaƙa zai yi zuwa huhu, ba wankewa zai yi ya dafa ba. Maganin feshi na maikulobutanil, wanda aka yarda da shi a gonakin inabi, yana fitar da gubar sayanayid idan ya ji wuta. A ƙarshen 2016 da farkon 2017, kamfanonin Mettrum da Organigram na Kanada sun janye kayansu daga kasuwa bayan an gano wannan sinadari a ciki, aka kuma maka su a kotu. Daga Janairun 2019 gwamnatin ƙasar ta wajabta gwajin magungunan feshi kafin a sayar da kowane kashi. Idan kuma an ƙi yin feshin, akwai fumfunar Asfajilus, wadda ƙwayoyinta kan shiga huhun mai raunin garkuwa su yi kisa. A Nuwamban 2021, hukumomin Jihar Mishigan ta Amurka sun janye kayan da aka ƙiyasta kuɗinsu ya haura dala miliyan 200 saboda shakkun sakamakon gwajin wani ɗakin bincike, ko da yake daga baya kotu ta sassauta umarnin.

Ke nan manomi ba shi da zaɓi sai rigakafi, rigakafin kuwa kuɗi ne tsagwaronsu: rufaffen gini, na'urorin tsotse danshi da na tace iska da ke aiki dare da rana, ɗakin busarwa, ma'aikata masu tufafi irin na asibiti. Ƙasar Holan, wadda ke sayar da wiwin magani a kantunan magani tun 2003, tana ƙara da haska kayan da hasken gama don kashe ragowar ƙwayoyin cuta. Shi ma kamfanin MG Health na Lesotho sai a 2021 ya sami takardar shaidar ingancin Tarayyar Turai da ta buɗe masa ƙofar Jamus, shekaru huɗu bayan fara ba da lasisi, alhali gonarsa na kan tsaunuka masu sanyi. Ondo kuwa kurmi ce, inda damina ke daɗewa, iska kuma ke jiƙe sharkaf. Duk wanda ya taɓa biyan kuɗin man dizal na janareta a masana'anta ya san abin da ɗauke wuta na dare guda zai jawo a irin wannan ɗaki.

'Yan kasuwarmu na Kano da Dawanau ba baƙin wannan matsala ba ne. Asfajilus ɗin nan ita ce ke haifar da gubar afalatoksin a gyada da masara, gubar da aka gano bayan mutuwar talotalo kimanin 100,000 a Ingila a 1960. Iyakar da Turai ta gindaya wa gyadar ci, wato maikurogiram 4 a kowane kilo, ita ce kuma ta gindaya wa tsirran magani. Ƙasar da har yau take fama da cika wannan sharaɗi a kan gyada, duk da maganin Aflasafe da cibiyar IITA ta Ibadan ta samar, da wuya a ce za ta cika shi cikin sauƙi a kan furen da ya fi gyada saurin kamuwa. Kada kuma a manta da dakatar da shigar wakenmu Turai a 2015, sakamakon yawan maganin ƙwari da aka zuba masa a rumbu.

Don haka idan wani ya zo da takardar neman jari mai nuna farashin kilo a Balin ko Toronto, ya kamata mai kuɗi ya tambaye shi kashi nawa cikin ɗari na amfanin ya ware wa asara, wane ɗakin gwaji ne zai tantance kayan, kuma ko mai saye a waje ya amince da hatiminsa. Waɗannan ɗakunan gwaji da na busarwa dai su ne gyada, riɗi, citta da zoɓorodonmu ke jira, kuma su ba sai an sauya wata doka ba kafin a gina su.