Intanet Daga Sama: Nawa Zai Ci Wa Magidanci A Jalingo?

Tun daga watan Janairu na 2023, lokacin da kamfanin Starlink na attajirin nan Elon Musk ya fara aiki a Nijeriya, maganar intanet na tauraron ɗan Adam ta shiga bakin jama'a. Nijeriya ce ƙasa ta farko a Afirka da kamfanin ya sauka, bayan Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, watau NCC, ta ba shi lasisi a watan Mayu na 2022. Yanzu maganar ta kai har zaurukanmu na nan Kudu. A Agege da Idi-Araba da Sabon Badun, mutum zai ji ɗan'uwansa yana cewa in Allah Ya hore masa zai sayi faifan nan ya aika gida, yara su yi karatu, shi kuma ya riƙa ganin iyalinsa a waya ba tare da hoto yana tsinkewa ba.

Niyya ce mai kyau. Amma kafin ɗan kasuwar da ya fito daga unguwar Sarkin Dawaki ta Jalingo ya kwance bakin jaka, ya kamata mu zauna mu yi lissafi irin na 'yan kasuwa. Sunan unguwar ma ya ishe mu misali, domin duk wanda ya taɓa ɗaure doki ya san ranar saye ba ita ce ranar wahala ba. Harawa da dawa da kanwa su ne ke gwada mai doki, kuma kullum ne.

Ga yadda abin yake. Ana kafa wani faifai mai faɗin tire a kan rufi ko a tsakar gida, inda ba itace ko gini da zai tare masa sama. Faifan yana magana da taurarin da ke zagaya duniya a tazarar kamar kilomita 550, sa'an nan wata 'yar na'ura a cikin ɗaki ta rarraba wa wayoyi da kwamfuta. Taurarin sadarwa na da, irin namu na NigComSat-1R da aka harba daga ƙasar Sin a Disamba 2011, suna can nesa kusan kilomita 36,000, shi ya sa saƙo ke jinkiri a kansu. Kusancin nan shi ne sirrin saurin Starlink, kuma shi ne dalilin tsadarsa, gama tauraron da ke kusa ba ya rufe ƙasa mai faɗi, tilas a harba dubbai, kuma bayan 'yan shekaru a sake su.

To, nawa ne? Da kamfanin ya buɗe a 2023, kuɗin wata Naira 19,260 ne, kayan kuwa wajen Naira 270,000. Ba a ci shekara ba kuɗin wata ya koma Naira 38,000. Farashin kayan ya yi ta hawa da sauka kamar na tumatir a kasuwar Mile 12: ya taɓa kai Naira 800,000 a farkon 2024, a watan Afrilu aka sauko da shi zuwa Naira 440,000. A watan Oktoba na wannan shekarar kamfanin ya wayi gari ya ce kuɗin wata ya zama Naira 75,000, kaya kuma Naira 590,000. Hukumar NCC ta ce ba da izininta aka yi ƙarin ba, kamfanin ya janye na wata-watan. Da hukumar ta yarje wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin 100 a Janairu 2025, sai Starlink ya bi ta wannan ƙofa, ya yanka Naira 57,000 daga ƙarshen watan Mayu na 2025.

Mai karatu zai ce kamfanin nan ya cika haɗama, cikin shekara biyu da 'yan watanni ya ninka kuɗi sau uku. A ganinmu ba nan gizo ke saƙa ba. A auna da dala a gani. Naira 19,260 ta farkon 2023 daidai take da dala 43, lokacin da gwamnati ke sayar da dala ɗaya wajen Naira 450. Bayan an saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yuni 2023, dala ta haura har ta wuce Naira 1,500 a 2024. Naira 75,000 ɗin da aka yi wa ca a kai, in an mai da ita dala a lokacin, 45 ce ko kusa da haka. Naira 57,000 kuwa a 2025 ba ta kai dala 40 ba. Ashe kamfanin bai matsa daga inda ya tsaya tun farko ba, kuɗinmu ne ya zame. Wanda ya kafa faifan nan a gidansa ya ɗaura wa kansa bashin dala ke nan kowane wata, ko da yake da Naira yake biya. Duk ranar da dala ta sake tashi, ya saurari takarda. NCC tana iya jinkirta ƙari, kamar yadda ta yi a 2024, amma ba ta hana shi zuwa ba.

Mu ɗauki farashin 2025 mu buga. Naira 57,000 sau goma sha biyu ta ba da Naira 684,000. A haɗa da Naira 590,000 ta kaya, shekarar farko ta tashi a kan Naira 1,274,000, ban da kuɗin kawowa da na mai kafawa. Mafi ƙarancin albashin da Gwamnatin Tarayya ta sa wa hannu a Yuli 2024 Naira 70,000 ne a wata, watau Naira 840,000 a shekara. Ƙaramin ma'aikaci a sakatariyar Jalingo, ko da zai yi azumin shekara guda shi da iyalinsa, albashinsa ba zai biya shekarar farko ba. Akwai ƙaramin faifai da ake kira Mini wanda ya fi araha, sai dai rangwamen a kan kaya ne kawai, ciyarwar wata-wata tana nan.

Duk wannan lissafin takarda ne, domin bai taɓa maganar wuta ba, alhali kuwa a Jalingo ita ce babbar magana. Faifan ba ya aiki sai da lantarki. Yana shan tsakanin wat 50 zuwa 100, kamar fankar sama guda ɗaya. Da a ce wutar kamfanin rarraba lantarki na Yola, wanda Taraba ke ƙarƙashinsa, tana tsayawa dare da rana, da kuɗin wutar bai taka kara ya karya ba. Amma Jalingo tana can wutsiyar layin lantarkin ƙasa, ko ina aka sami matsala a hanya sai ta ji a jikinta. Ba a manta da watan Oktoba na 2024 ba, sa'ad da yawancin jihohin Arewa suka kwana fiye da mako cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan wuta. Wanda ya biya kuɗin wata a wannan lokaci, in ba shi da wata dabara, ya biya wa iska ne.

Dabara kuwa biyu ce, janareta ko sola. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, janareta ya zama abin tsoro. A ƙaddara gida yana ƙona lita biyu kacal a rana, a ƙaddara kuma lita tana Naira 1,000. Naira 60,000 ke nan a wata, man ya fi intanet ɗin tsada. Sola ta fi dacewa, ga rana Allah Ya ba mu a yalwace, amma faranti da batir da inbata wasu dubban ɗaruruwa ne kuma a tashi ɗaya, batirin ma yana da ranar mutuwa. Saboda haka magidancin da ke son abin ya yi aiki yadda ake tallarsa, ya sa a ransa shekarar farko za ta haura miliyan ɗaya da rabi.

Sai tambayar da masu ɗoki ba su cika yi ba: shin Sarkin Dawaki tana bukatar tauraro? Unguwa ce a cikin babban birnin jiha, tare da su Turaki da Sintali da Majidadi, ba ƙauyen bayan dutse ba ce. Sabis na MTN da Airtel da Glo yana nan, ko da yake wani lokaci yakan yi tafiyar hawainiya, musamman da yamma in kowa ya hau. Gidan da bukatarsa ita ce WhatsApp da kiran ganin fuska da duba sakamakon jarrabawa, datar 'yan dubbai za ta kai shi ƙarshen wata. Wanda Starlink zai yi wa rana a cikin gari shi ne mai shan intanet kamar ruwa: mai shagon cike takardun JAMB, makaranta mai ɗakin kwamfuta, asibitin kuɗi, otal, ko ɗakunan kwanan ɗaliban Jami'ar Jihar Taraba. Ga irin waɗannan Naira 57,000 jari ce, tana fita tana dawowa. Ga gidan aure kuwa fita kawai take yi.

Inda tauraron yake da amfani na haƙiƙa shi ne can inda ƙarfen sabis bai kai ba, a kan tsaunin Mambila, da ƙauyukan Gashaka, da tungayen bakin Binuwai a Karim Lamido, inda mutum kan hau tudu yana ɗaga waya sama don ya sami sanda ɗaya. Kamfanonin waya ba sa son kafa ƙarfe a nan, saboda kai man dizal da gadi sun fi cinikin da za a samu. Faifai kuwa ba ruwansa da hanya ko gada. To amma mutanen da suka fi bukatarsa su ne suka fi nisa da kuɗinsa. Nan ne ya kamata gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi su sa hannu, a kafa a ɗakin shan magani da makarantar sakandare, maimakon a fara da gidajen manya a Jalingo kamar yadda aka saba.

Akwai wani abin mamaki da ya shafe mu mazauna Kudu. Kowane yanki yana da iyakar mutanen da taurarin ke iya ɗauka. A ƙarshen 2024 kamfanin ya dakatar da karɓar sababbin masu saye a Ikko da Abuja da Fatakwal saboda wuri ya cika, lokacin da masu amfani da shi a ƙasar suka haura 60,000, har ya zama na biyu bayan Spectranet a cikin kamfanonin intanet na gida. Watau mai kuɗi a Ikoyi ya shiga layi, garuruwan da ba cunkoso kuwa sama a buɗe take. Sau ɗaya dai nisa da Ikko ya zama riba.

Wasu za su ce a yi haƙuri, farashi zai faɗi kamar yadda aka gani a wayar salula. Gaskiya ne a 2001 da MTN da Econet suka fara, layi kaɗai ya kai Naira 20,000, minti ɗaya Naira 50, sai da Glo ya shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa sa'an nan kowa ya sauko. Kishiya ce ta gyara zaman. A sama ma kishiya tana tafe. Kamfanin Amazon ya fara harba taurarinsa a Afrilu 2025, da shirin kai su sama da 3,000, ya kuma sauya wa aikin suna daga Kuiper zuwa Amazon Leo a watan Nuwamba na wannan shekarar. Tun 2023 ya ce yana sa ran ƙera faifansa na gida a ƙasa da dala 400. A buga dala 400 a kan Naira 1,500, an dawo Naira 600,000. Saboda haka kada a sa rai kayan za su zama na kowa da kowa don kishiya ta zo, sai fa in kamfanonin sun yarda su yi asara a kan faifai don su kama masu biyan wata. Inda za a iya ganin sauƙi shi ne a tsarin biya. A ƙasar Kenya, a 2024, Starlink ya fito da ƙaramin tsari na gigabait 50 a kan shilin 1,300 a wata, ya kuma fara ba da hayar faifai. A Amurka kuwa a wannan shekarar dala 120 ake biya. Kamfanin yana duban aljihun kowace kasuwa ne ya yanka, kuma in ya ga za a ƙwace masa ciniki ya san hanyar sassauci. Abin da ya kamata NCC ta matsa a kai ke nan, a kawo mana ƙananan tsare-tsare da haya, ba jayayya a kan kashi nawa za a ƙara kaɗai ba.

Darasi na biyu daga zamanin salula shi ne na 'yan lema, waɗanda suka sayi layi ɗaya unguwa duka tana kira tana biya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gida goma in suka haɗu, kowa Naira 5,700 zai kawo a wata, abin ya shigo hannu. Amma a yi hattara. 'Yar na'urar rarrabawa ba ta ratsa katanga da yawa, sai an ƙara kayan aiki da waya, kuma in mutum hamsin suka hau lokaci ɗaya saurin zai ragu. Sa'an nan ƙa'idar kamfanin ba ta yarda mai tsarin gida ya riƙa sayarwa ba tare da izini ba, dokar ƙasa kuma ta ce sana'ar sayar da intanet sai da lasisin NCC. Babban gida mai sassa da yawa, irin na gandu, wanda 'yan'uwa za su yi karo-karo, ya bambanta da wanda zai buɗe teburi yana yankan tikiti.

Abu na ƙarshe ya fi shafar mai aikawa. Ba a biyan kuɗin nan a hannu, ta intanet ake biya da katin banki, kuma watan da ba a biya ba faifai ya zama kwalliyar rufi. Tun da ana iya biya daga ko'ina, kowa ya san wanda za a kira ranar da sabis ya ɗauke: Yaya na Ikko, wanda ya saya. Ko kasuwa ta yi kyau ko ba ta yi ba, ko an rufe Mile 12 ko motar kaya ta kwana a Lakwaja, Naira 57,000 tana jiransa tare da kuɗin cefane da na makaranta da ya saba aikawa. Tun kafin a sa faifan a motar Jalingo ya dace a zauna da mutanen gida a rubuta wanda zai ɗauki wuta, da wanda zai ɗauki wata, da abin da za a yi in an sake ƙari.