Rabin Awo Cikin Sha'anin Haƙar Mai A Teku

Mai karatu ya sani, duk falken da zai ƙetare kogi da kaya yakan tambayi abu biyu tun bai biya kuɗin fito ba. Na fari, sau nawa jirgi yakan kife a wannan mashigi? Na biyu, in ya kife, me zai salwanta? Wanda ya tsaya a kan ta fari kaɗai, ya ji an ce an shekara goma ba a yi kifewa ba, ya zuba dukiyarsa da ta abokan cinikinsa cikin jirgi guda, to, rabin haɗari ya auna. Irin wannan rabin awo shi ne babban aibin da ke cikin sha'anin haƙar man fetur a teku, kuma ba abin da ya tona shi kamar masifar da ta auku a Tekun Meksiko cikin 2010.

Kafin a zo ga labarin, ya kamata a san yadda ake tsare rijiyar mai. Mai da iskar gas suna matse ne cikin duwatsu can ƙarƙashin ƙasa, da zarar an huda musu hanya sai su nemi tasowa da ƙarfi. Saboda haka akan yi musu katanga uku. Ta fari laka ce mai nauyi wadda ake cika rijiyar da ita don ta danne su. Ta biyu siminti ne da ake liƙe gindin rijiyar da gefunanta. Ta uku wani babban makulli ne na ƙarfe da ake girkewa a bakin rijiyar a ƙasan teku, yana da haƙora masu datse bututu in abu ya ɓaci. Masu lissafi sukan ce, tun da kowace katanga ba safai takan faɗi ba, faɗuwar ukun a lokaci guda abu ne mai wuyar gaske. Lissafin daidai ne, amma da sharaɗi, watau ya zamana abin da zai kā da ɗaya ba shi ne zai kā da sauran ba.

Ran 20 ga Afrilu 2010 wannan sharaɗi ya warware. Jirgin haƙa mai suna Deepwater Horizon, mallakar kamfanin Transocean, yana yi wa kamfanin BP aikin rijiyar Macondo, kimanin mil 41 daga gaɓar jihar Luwiziyana ta Amurka, inda zurfin ruwa ya kai ƙafa 5,000. Aikin ya makara da makonni, kuɗin da aka kashe ya zarce kasafi da dala miliyan 58. Simintin da kamfanin Halliburton ya zuba bai toshe gindin rijiyar ba. Aka gwada rijiyar, ma'auni ya nuna alamar yoyo, amma aka yi wa alamar wani tawili aka ce lafiya. Bisa wannan tawili aka ci gaba da janye laka ana maye gurbinta da ruwan teku, wanda bai kai ta nauyi ba. Gas ya yi ta hawowa wajen minti 40 ba a farga ba. Da ya iso kan jirgi ya kama wuta, mutum 11 suka rasu daga cikin 126. Makullin ƙarfe kuwa ya kasa datse bututun, domin ya riga ya tanƙware. Bayan kwana biyu jirgin ya nutse.

Mai ya yi ta malala kwana 87, sai ran 15 ga Yuli aka samu aka rufe bakin rijiyar. Gwamnatin Amurka ta ƙiyasta ganga miliyan 4.9 suka fito, kotu kuma cikin 2015 ta tsayar da cewa ganga miliyan 3.19 suka shiga teku. An hana kamun kifi a fiye da sulusin ruwan da ke hannun gwamnatin tarayya a wannan teku. Cikin 2014 alƙali Carl Barbier ya hukunta cewa BP ya yi mummunan sakaci, ya raba laifi, BP kashi 67 cikin ɗari, Transocean 30, Halliburton 3. Cikin 2016 aka tabbatar da sulhu na dala biliyan 20.8.

In an duba da kyau, katangun nan ba kowace ce ta faɗi don kanta ba. Hukumar bincike da Shugaban Amurka ya naɗa ta bayyana cikin rahotonta na Janairu 2011 cewa tushen abin gazawar shugabancin aiki ce, kuma da yawa daga cikin shawarwarin da suka ƙara haɗari sun kasance masu rage lokaci da kuɗi. Gaggawa guda ita ta ratsa siminti da gwaji da sa ido gaba ɗaya. Lissafin da bai sa halin ɗan Adam a ciki ba, musamman lokacin da kuɗi ke ƙonewa kullum, ba zai ga wannan ba.

Ɗaya rabin awon kuwa, watau girman ɓarna, an rubuta shi a takarda amma ba a yi masa tanadi ba. Cikin takardar da BP ya miƙa wa hukuma a 2009 ya ce da wuya a sami malalar mai, ya kuma ce yana da ikon fuskantar mafi munin abin da zai iya aukuwa. Da ranar ta zo, babu wani murfi da aka tanada wanda zai iya rufe rijiya a wannan zurfi, sai da aka ƙera shi mai na zuba. An ma iske cikin shirin ko-ta-kwana na kamfanin an ambaci tsare wasu dabbobin tekun ƙanƙara waɗanda ba su zama a Tekun Meksiko sam, alamar an kwafo takardar ne daga wani wuri. Alhali gargaɗi ya gabata. Cikin 1979 rijiyar Ixtoc ta fashe a wannan teku ɗin, a ruwa mara zurfi ƙwarai, aka fi wata tara kafin a toshe ta.

To, wa ya karɓi irin wannan takarda ya sa hannu? Hukumar ma'adinai ta Amurka a lokacin ita ke ba da izinin haƙa, ita ke karɓar kuɗin gwamnati, ita ce kuma mai binciken tsaro. 'Yan kasuwa sun san abin da ke faruwa in mai riƙe da sikeli yana da rabo cikin kayan da ake aunawa. Bayan masifar aka rushe ta aka raba ayyukanta ga hukumomi uku.

Zancen bai tsaya a Amurka ba, domin Nijeriya ma tana haƙar mai a teku. Cikin Disamba 2011 mai ya zube a filin Bonga na kamfanin Shell, mil 75 daga gaɓa, sa'ad da ake yi wa jirgin dako lodi, kamfanin ya ƙiyasta wajen ganga 40,000. Cikin Janairu 2012 jirgin haƙa KS Endeavor, mai yi wa Chevron aiki daura da Bayelsa, ya kama wuta, mutum biyu suka rasu, wutar ta ci kwana 46. Masuntan bakin teku ba su ci ribar rijiyoyin nan ba, amma su suka fara ɗaukar hasara.

Saboda haka duk lokacin da kamfani ya ce haɗari kaɗan ne, abin da ya wajaba hukuma da wakilan jama'a su tambaya shi ne, in abin ya auku duk da haka, ganga nawa za su fita kowace rana? Ina murfin, kwana nawa zai yi kafin ya iso? Wa ya duba lissafin wanda ba shi da rabo a cikinsa? Wa ya ɗauki lamunin biyan masunta, kuma ina kuɗin suke ajiye? Wanda bai amsa waɗannan ba bai gama awo ba, kuma bai cancanci izini ba tukuna. Allah shi kiyashe bayinsa daga sakaci, amin.